Tarihin Koyon Aiki a Ƙasar Hausa: Daga Bakin Marina zuwa Teburin Ofis

Masana tarihin ƙasar Hausa sun yi rubutu mai yawa a kan kayan da Hausawa suka sarrafa da kasuwannin da suka kai su, tun daga turkudin Kura har zuwa jar fatar Sakkwato, amma ba su ba da irin wannan kulawa ga hanyar da aka bi aka horar da hannayen da suka yi aikin ba, alhali kuwa kowace sana'a tana rayuwa ne gwargwadon yadda take iya mayar da sabon shiga ya zama gwani. Sabon shiga shi ne mutumin da ya zo wurin aiki bai san sunan kayan aikin ba, balle yadda ake riƙe su, kuma abin da yake gabansa a kowane zamani shi ne ya gane abin da zai fara koya, da wanda zai koya a wurinsa, da lokacin da zai matsa gaba. A tsohon tsarin sana'o'in Hausawa babu jadawalin darasi a rubuce, babu jarrabawa, babu takardar shaida, amma akwai jeri na koyo wanda aikin da kansa ya shimfiɗa, kuma nauyin bin wannan jeri da hanzarta shi yana wuyan mai koyo fiye da yadda yake wuyan mai koyarwa. Zamanin boko ya ɗauke jerin daga wurin aiki ya mayar da shi aji, sannan ya bar watannin farko na kama aiki ba tare da wani tsari tsayayye ba.

Hanyar farko ta shiga sana'a ita ce gado. Manazarcin zamantakewa M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a shekarun 1949 da 1950, ya nuna cewa Hausawa suna bambanta mai sana'ar da ya gada daga iyaye da wanda ya shige ta da rana tsaka, wato shigege ko ɗan haye, kuma suna ɗora na farko a kan na biyu wajen daraja. Dalilin wannan fifiko bai tsaya ga alfahari da asali ba, domin yaron da aka haifa a gidan maƙera ya riga ya yi shekaru yana jin ƙarar masaba, yana ganin launin ƙarfe idan ya nuna a wuta, tun kafin a ce masa ya taɓa komai, saboda haka ranar da ya fara aiki ba ranar da ya fara koyo ba ce. Shi kuwa ɗan haye dole ya tattara cikin 'yan shekaru abin da ɗan gado ya sha tun yana goye, kuma a nan ne dabarar tsara wa kai koyo ta fi bayyana, domin shi ne yake zaɓar maigidan da zai yi wa bara, wato ya zauna ƙarƙashinsa yana yi masa hidima a madadin ci da sutura da koyarwa, shi ne kuma yake lura da abin da ba za a faɗa masa ba sai dai ya gani.

Rini ya fi kowace sana'a nuna yadda jerin yake. Marinar Ƙofar Mata a birnin Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ɗaya ce kawai daga cikin marinai masu yawa da suka bazu a ƙasar Kano, musamman a Kura da garuruwan da ke kewaye da ita, kuma lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya ƙiyasta cewa tufafin da birnin yake fitarwa a shekara sun kai darajar wuri miliyan 300. Duk wannan dukiya tana rataye ne a kan abin da yake faruwa a cikin rami mai zurfi wanda aka shafe da laso, wato wani irin siminti na gargajiya da ake haɗawa da ƙonannen katsi da gashin dabba da ruwan dafara. Katsi shi ne lakar da ke kwantawa a gindin ramin bayan rinin ya mutu. A cikin ramin ake zuba ruwa da baba, wato ganyen da ke ba da shuɗin launi, da toka, a bar su su ruɓa na kwanaki ana motsawa har ruwan ya nuna. Yaron da ya zo koyo ba ya kusantar wannan haɗi da farko. Aikinsa ɗiban ruwa ne, da kwashe katsi, da shanya, da wanke zane, sannan a ba shi muciya ya riƙa motsa ramin safe da yamma, kuma a cikin wannan motsawa da ake ɗauka aikin ƙarfi ne kawai yake koyon abu mafi wuya a sana'ar, wato gane halin ruwa daga kumfarsa da warinsa da launinsa. Daga nan ake ba shi zare ko ƙyalle marar tsada ya tsoma, ya ga yadda yake fitowa kore-kore sannan iska ta mayar da shi shuɗi, ya koyi sau nawa ake tsomawa kafin a kai ga baƙin da Buzaye suke nema. Haɗa sabon rami shi ne na ƙarshe, domin kuskure a nan yana cinye jarin baba da toka da aikin kwanaki gaba ɗaya. Ma'aunin da ya tsara matakan a fili yake, wato ana fara ba mai koyo aikin da kuskurensa ba ya jawo asara mai yawa, ana kuma ajiye shi kusa da aikin da ya fi ƙarfinsa domin idonsa ya riga hannunsa sabawa.

Haka abin yake a maƙera, inda Philip Jaggar, wanda ya yi nazarin maƙeran birnin Kano, ya bayyana rabuwarsu zuwa maƙeran baƙi masu sarrafa baƙin ƙarfe da maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla da makamantansu. Yaro yana farawa da zuga, yana zaune a bayan zugazugi yana kallon maigidansa, kuma mai zuga da ya iya aikinsa shi ne wanda ya san lokacin da za a ƙara iska ba sai an yi masa magana ba. Bayan haka yake riƙe ƙarfe da awartaki, ya yi dukan masaba a kan uwar maƙera inda aka nuna masa, ya ƙera ƙananan abubuwa irin su ƙusa da wuƙa, kafin a kai ga lauje da fartanya da garma. Magina ma suna da nasu matakan, daga kwaɓa ƙasa da yin tubali da jefa shi ga wanda yake bisa katanga, zuwa yaɓe, zuwa jera azara, wato tsagin giginya da ake rufi da shi, wadda ba ta ɗaukar nauyi idan tazarar ta wuce kimanin mita 2. Wannan iyaka ta azara ce ta sa magina suka ƙware a bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginshiƙin da yake ba da damar rufe ɗaki mai faɗi, kuma ƙololuwar wannan fasaha tana cikin masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, tsakanin 1834 da 1846. A bisa waɗannan sana'o'i akwai sarautu irin su Sarkin Maƙera da Sarkin Magina, masu tattara 'yan sana'a idan fada tana da aiki da sasanta rigima a tsakaninsu, amma ba su ne suke tantance wanda ya ƙware ba. Kasuwa ce take tantancewa, domin manomin da garmarsa ta karye a tsakiyar damina ba zai koma wurin maƙerin da ya ƙera ta ba.

Mata sun koyi nasu sana'o'in a cikin gida bisa irin wannan tsari, kamar yadda labarin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, ya nuna. Yarinya tana fara gurzar auduga da shiɓa kafin a ba ta mazari, tana yin abawa mai kauri kafin ta iya siririn zare, kuma tallan da take kai wa uwarta shi ne makarantarta ta lissafi da sanin halin masu saye. Zaren da matan suka kaɗa shi ne tushen saƙa da rini da fataucin tufafi baki ɗaya.

Fatauci ya buƙaci wani nau'in ilmi dabam, wanda yawancinsa sanin mutane ne da hanya. Fataken goro da suka riƙa zirga-zirga tsakanin Kano da Salaga ta ƙasar Gwanja a ƙarni na 19, waɗanda Paul Lovejoy ya nuna cewa Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ne suka fi rinjaye a cikinsu, suna tafiya ne cikin ayari ƙarƙashin madugu, wanda yake da jagaba mai nuna hanya da sauran mataimaka, kuma tafiyar takan ci watanni kafin a je a dawo. Yaron falke yana farawa da korar jakai da ɗaurin kaya da neman ciyawa a zango, sannan ya koyi kula da goron kansa, wanda ɗanyen kaya ne mai son a riƙa kwance huhunsa ana canza ganyen fita, ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda sankara ta kama kafin ta lalata sauran. A hankali yake sanin sarakunan da ake biya wa fito da kuɗin hanya, da mashigan koguna, da harsunan kan hanya, da fatoman, wato masu masauki, da za a iya bar wa amana. Idan maigida ya gamsu da shi yakan ba shi ɗan jari ya juya a gefen na gidan, daga baya ya yi masa aure ya sallame shi. Abner Cohen ya tarar da wannan dangantaka ta maigida da yaransa tana nan da ƙarfinta a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, inda cinikin shanu da goro ya dogara ga bashi da amana, kuma babu yadda baƙo zai zama dillali sai ya yi shekaru a ƙofar wani maigida ana auna gaskiyarsa.

Tarihin wannan fatauci ya kuma nuna cewa wanda ya ƙware ma yakan koma sabon shiga idan zamani ya juya. Bayan Turawan Ingila sun ci Asante da yaƙi a 1874, sannan yaƙin basasa ya rushe kasuwar Salaga a 1892, tsohuwar hanyar ta rasa amfaninta, kuma fataken da suka tsira su ne waɗanda suka koyi sababbin hanyoyi ta Kumasi da Ankara da jirgin ruwa zuwa Ikko. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 cikin zuriyar Agalawa, yana cikin waɗanda suka yi wannan sauyi, kuma da jirgin ƙasa ya fara aiki sosai a Kano a 1912 ya sake koyon wani cinikin, wato sayen gyaɗa domin kamfanonin Turawa, da ma'auninsu da tsarin bashinsu, har ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Babu makarantar da ta koya wa mutanen zamaninsa cinikin gyaɗa, domin cinikin bai daɗe da samuwa ba.

Inda Hausawa suka fi bayyana tunaninsu a kan tsara wa kai koyo shi ne fagen malanta, kuma ya dace a daɗe a nan, domin malamai ne kaɗai suka bar bayanin hanyarsu a rubuce. A makarantar allo akwai matakai sanannu, daga kolo zuwa titibiri zuwa gardi, har a kai ga alaramma da gwani, amma makarantar ilmi, wadda ake kira makarantar zaure saboda a zauren malam ake zama, ba ta da aji ko shekarar shiga. Ɗalibi yana zuwa da littafinsa, ya jira layinsa, ya karanta abin da zai iya ɗauka a ranar, malam ya fassara ya yi sharhi, sannan ya koma gefe ya saurari karatun waɗanda suka fi shi nisa. A fannin fiƙihu al'ada ta shimfiɗa jeri daga ƙananan littattafai irin su Ahalari da Ishmawi da Iziyya, zuwa Risala, zuwa Askari da Muhtasar, amma ɗalibi ne yake yanke shawarar lokacin da zai haɗa da nahawu ko lugga ko tafsiri, shi ne kuma yake binciken malamin da ya shahara a kowane fanni ya yi tattaki zuwa gare shi, ko da a wata ƙasa yake. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rayu daga 1754 zuwa 1817, ya yi karatu wurin baffanninsa da kawunnansa, sannan ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, kuma ƙanensa Abdullahi ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusuki, yana lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta wurin kowanne. Shaidar kammalawa ita ce ijaza, wato izinin da malam yake ba ɗalibi ya koyar da wani littafi, tare da salsalar malaman da littafin ya biyo ta hannunsu. Littafin Ta'alimul Muta'allimi na Zarnuji, malamin da ya rayu a gabashin duniyar Musulunci wajen ƙarshen ƙarni na 12 da farkon na 13, ya samu karɓuwa ƙwarai a zaurukan ƙasar Hausa, kuma batunsa gaba ɗaya shi ne yadda ake koyo. Ya yi magana a kan fara neman ilmin da halin da mutum yake ciki ya wajabta masa kafin wanda zai buƙata nan gaba, da yin shawara da jinkiri kafin zaɓar malami domin kada a fara a bari, da zaɓar abokin karatu, da ɗaukar ɗan kaɗan a maimaita shi har ya zauna. Duk wanda ya dubi waɗannan ƙa'idoji zai ga cewa su ne marini da maƙeri suke bi a aikace ba tare da sun rubuta ba, kuma da yake yawancin masu sana'a sun ratsa makarantar allo, wasunsu ma suna zuwa zaure da asuba kafin su fita aiki, ladabin ɗalibi da ladabin yaron sana'a sun zama abu guda.

Bai kamata a ƙawata wannan tsari fiye da kima ba. Maigida yana iya riƙe yaro shekaru yana cin ƙarfinsa ba tare da ya matsar da shi gaba ba, kuma babu hukumar da yaron zai kai ƙara face iyayensa ko dattawan unguwa. Akwai asirin sana'a, wanda wani ɓangarensa laƙani ne da addu'a, wani ɓangaren kuma dabarar aiki ce zalla, kuma sau da yawa ana ɓoye shi ga ɗan haye a ajiye wa ɗan cikin gida, abin da ya sa ilmi mai yawa ya bi masu shi kabari. Sannan wani kaso na aikin ƙarfi a gonaki da marinai da ayarin fatake bayi ne suka yi shi, waɗanda ba su zaɓi maigida ba balle su zaɓi abin da za su koya, ko da yake wasunsu sun sami damar yin sana'ar kansu ta hanyar murgu, wato kuɗin da bawa yake biyan ubangijinsa a kai a kai domin a bar shi ya nema wa kansa. Hikimar jerin koyo gaskiya ce, zaluncin da ya raka ta a wasu wurare shi ma gaskiya ne.

Zuwan Turawa bayan cin Kano da Sakkwato a 1903 ya kawo ayyukan da babu mai gadonsu. Mulkin En'e, wato hukumar gargajiya, yana buƙatar malaman haraji da ma'aji da akawu da masu awon ƙasa da malaman asibiti, kuma babu gidan da yaro zai tashi ya tarar ana waɗannan ayyuka. Makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ta haɗa ajin malamai da na 'ya'yan sarakuna da sashen sana'o'in hannu, kuma Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, ta horar da malaman makaranta waɗanda da yawansu suka zama shugabannin Arewa. Da wannan aka raba abin da a da yake haɗe, aka ce mutum ya gama koyo tukuna a wani wuri sannan ya zo ya fara aiki a wani wurin, takarda kuma ta maye gurbin shaidar maigida. Amma rayuwar mutanen farko da suka bi wannan hanya ta nuna cewa takardar ba ta ɗauke musu koyo a bakin aiki ba. Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, a kan aikin koyarwa aka horar da shi a Katsina, kuma ta dalilin gasar rubutun 1933 ne ya haɗu da Rupert East na ofishin talifi a Zariya, inda ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce. Lokacin da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939 aka ba shi aikin edita, babu wani Bahaushe da ya taɓa riƙe irin wannan aiki da zai kwaikwaya, saboda haka tace labari da tsara shafi da amsa wasiƙun masu karatu duk a kan aikin ya koye su, kusa da wanda ya riga shi sanin harkar ɗab'i, kamar dai yadda ake yi a zaure.

Matsalar ta ƙara tsanani a shekarun 1950, sa'ad da gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauki manufar mayar da ayyukan gwamnati hannun 'yan Arewa kafin samun mulkin kai na yankin a 1959. Samari masu ƙarancin shekaru suka sami kansu a kujerun da Turawa suka shekara ashirin kafin su hau, kuma aka dogara da hanyoyi biyu wajen shirya su, wato gajerun kwasa-kwasai a cibiyar koyon aikin mulki da ke Kongo a Zariya, wadda ta fara a matsayin makarantar horar da akawuna kuma daga baya ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello bayan kafa ta a 1962, da kuma ajiye sabon jami'i a ƙarƙashin wanda zai gada ya riƙa kallon yadda yake aiki. Hanya ta biyu tsohuwar hanyar bara ce a cikin sabuwar riga. A ɓangaren masana'antu kuwa, masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, unguwar Bompai ta Kano ta cika da ma'aikatu, kuma Paul Lubeck, wanda ya yi nazarin leburorin Kano a shekarun 1970, ya tarar cewa da yawa daga cikinsu tsofaffin almajirai ne da gardawa. Aikin masana'anta ya bambanta da na marina ta wata fuska mai muhimmanci, domin ana ajiye mutum a kan inji guda ya yi shekaru yana maimaita abu guda, ba tare da wani mataki na gaba da aikin zai tura shi ba, kuma wanda bai nemi sanin injin da ke kusa da nasa da kansa ba yakan bar ma'aikatar da abin da ya koya a makonsa na farko.

Gwamnatin tarayya ta gane wannan giɓi, shi ya sa ta kafa asusun horar da ma'aikatan masana'antu na ITF a 1971, wanda hedikwatarsa take Jos, kuma asusun ya ƙirƙiro shirin SIWES a 1973 domin ɗaliban kimiyya da fasaha su yi watanni a wuraren aiki kafin su gama karatu. Bayan matsin tattalin arzikin tsakiyar shekarun 1980 aka kafa hukumar samar da aikin yi ta NDE, wadda ta fara aiki a 1987 da shirin tura matasa wurin masu sana'a su koya, abin da yake nufin cewa hukuma ta dawo ta amince da maigida a matsayin malami bayan shekaru kusan 80 ana kallonsa a matsayin abin da boko zai shafe. A wajen waɗannan shirye-shirye, tsohon jerin ya ci gaba da rayuwa a sababbin sana'o'i ba tare da umarnin kowa ba. Yaron mota yana farawa da wanki da lodi da sa weji kafin a bar shi ya motsa mota a tasha, yaron kanikanci yana wanke ƙarafa da miƙa sifana kafin ya kwance inji, mai koyon ɗinki yana guga da sa maɓalli kafin a ba shi almakashi ya yanka yadin mutane, kuma masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano suna bin irin wannan hanya da yaransu.

Inda jerin ya fi rauni a yau shi ne ofis, wurin da aka fi tara masu takardu. Sabon ma'aikaci yakan karɓi takardar kama aiki, a nuna masa tebur, a gabatar da shi ga shugaban sashe, daga nan a ɗauka cewa digirinsa ya gama masa komai, alhali bai san hanyar da fayil yake bi ba, bai san wanda yake riƙe da tarihin sashen a kansa ba, bai kuma san kuskuren da za a yafe da wanda zai jawo asarar dukiyar jama'a ba. Wanda ya yi dace a cikinsu shi ne wanda ya yi abin da ɗan haye da ɗalibin zaure suka yi, wato ya ware ilmin da aikin wannan watan yake buƙata daga wanda zai iya jira, ya gano gwanin kowane fanni ko da tsohon masinja ne ko akawun rajista, ya nemi a fara ba shi aikin da gyaransa yake da sauƙi, ya kuma roƙi a bar shi ya zauna inda ake aikin da ya fi ƙarfinsa. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma barin wannan al'amari ga sa'a da ƙwazon mutum ɗaya sakaci ne daga ma'aikatu, domin marinin da bai taɓa shiga aji ba ya san cewa shirya magaji yana cikin aikinsa.

Dokar asusun ITF, bayan gyaran da aka yi mata a 2011, ta wajabta wa ma'aikatun da ta shafa su biya kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansu a shekara, tare da damar a mayar musu da har rabin kuɗin idan suka nuna cewa sun horar da ma'aikatan nasu. Marina da maƙera da gareji da shagon tela, inda ɗimbin matasan ƙasar Hausa suke koyon abin da za su ci abinci da shi, yawancinsu suna wajen wannan lissafi. Ya kamata jami'o'in Arewa da ƙungiyoyin masu sana'a su zauna da dattawan Ƙofar Mata da Kura da maƙeran Kano da maginan Zariya su rubuta matakan koyon kowace sana'a ɗaya bayan ɗaya tun masu ilmin suna raye, hukumomin horarwa kuma su ba da shaidar da gwamnati ta amince da ita ga yaran da suka kammala waɗannan matakai.